Shirya Yara Domin Karɓar Baftisma, Ƙarfafawa da Yukaris: Bayani ga Ikilisiyoyin Kudancin Kano

Gabatarwa

A koyarwar Ikilisiyar Katolika sakramenti bakwai ne, uku daga cikinsu kuwa su ne ƙofar shiga rayuwar Kirista: Baftisma, da Ƙarfafawa wadda jama'a suka saba kira konfameshan, da Yukaris Mai Tsarki, wato abin da 'yan'uwa a wasu ɗariku ke kira Jibin Ubangiji. Ta wurin Baftisma ake haifar mutum cikin Kristi. Ƙarfafawa tana hatimce shi da baiwar Ruhu Mai Tsarki. Yukaris kuma shi ne abincin da zai riƙe shi har ƙarshen tafiya. Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983, a sashe na 842, ya nuna cewa ukun nan a haɗe suke, kuma wanda bai karɓe su duka ba, shigarsa ba ta cika ba tukuna.

An shirya wannan bayani domin iyaye, katekis, iyayen baftisma da shugabannin majami'u a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da duk wanda ke son sanin yadda Katolika ke shirya 'ya'yansu.

Tushe a Littafi Mai Tsarki da tarihi

Ubangiji ya umarci manzanni su almajirtar da al'ummai, su yi musu baftisma, su kuma koya musu (Matiyu 28:19-20). A lura, baftisma da koyarwa cikin umarni ɗaya suka zo. A Filibi an yi wa Lidiya baftisma tare da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkuku da nasa duka (Ayyukan Manzanni 16:15, 33). A Samariya kuwa, bayan mutane sun karɓi baftisma, sai Bitrus da Yohanna suka zo daga Urushalima suka ɗora musu hannu, suka karɓi Ruhu Mai Tsarki (Ayyukan Manzanni 8:14-17). A nan Ikilisiya take ganin tushen Ƙarfafawa. Game da Yukaris, Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Korinti cewa kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, domin kada ya ci ba tare da ya bambance jikin Ubangiji ba (1 Korintiyawa 11:27-29). Wannan gargaɗi ne dalilin da ya sa ake koya wa yaro kafin a ba shi.

A ƙarnukan farko ana ba da sakramentin nan uku a dare ɗaya, daren jajibirin Ista, bishop yana wurin. Da majami'u suka yawaita a ƙauyuka, bishop ba ya iya halartar kowace baftisma, sai Ikilisiyar Yamma ta bar wa firist baftisma, aka jinkirta Ƙarfafawa har ranar da bishop zai zo. Ikilisiyoyin Gabas har yau suna ba da ukun tare, ko ga jariri ne. A watan Agusta, 1910, Fafaroma Pius na 10 ya amince da dokar da ake kira Quam singulari, wadda ta ce yaro ya fara furta zunubi da karɓar Yukaris da zarar ya fara hankali, wato wajen shekara 7. Daga nan tsarin da muka saba ya bazu: Baftisma a jariri, furta zunubi da Yukaris na farko a ƙuruciya, Ƙarfafawa daga baya. Bayan Majalisar Vatikan ta Biyu (1962-1965) an farfaɗo da tsarin shigar da manya mataki-mataki, kuma littafin hidimar da ya fito a 1972 yana da babi na musamman domin yaran da suka isa koyo amma ba a yi musu baftisma ba.

Yanayin yankinmu

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano. An yanke shi daga Babban Dayosis na Kaduna a 1991, ya zama cikakken dayosis a 1999, kuma Bishop John Namaza Niyiring ya gaji Bishop Patrick Sheehan a 2008. Babbar majami'arsa ita ce ta Uwargidanmu ta Fatima a birnin Kano.

Ikilisiyar ƙauye ta bambanta da ta Sabon Gari. Yawancin masu bi a nan Hausawa ne manoma, kuma Hausa ce harshen gida, na kasuwa da na addu'a. Farish ɗaya yakan haɗa ƙananan majami'u da yawa da ke warwatse, daga gefen madatsar Tiga har bayan dajin Falgore wajen Riruwai, Fada kuwa ba ya iya zuwa kowacce kowace Lahadi. Da damina hanyoyi sukan lalace, yara suna gona ko kiwo. Da rani samari sukan tafi cin rani. A gida ɗaya za a iya samun ɗan Katolika, ɗan ECWA ko Baptis, Musulmi, da tsohon da ke riƙe da al'adun kakanni. Duk shirin da bai lura da waɗannan ba zai tsaya a takarda kawai.

A fara da tantance yaron

Kafin a rubuta sunan yaro a aji, a gano rukunin da yake.

Rukuni na farko: jarirai da yaran da ba su cika shekara 7 ba. Dokar Ikilisiya (sashe na 97) tana ɗaukarsu a matsayin jarirai, don haka iyaye da iyayen baftisma ake shiryawa.

Na biyu: yaran da aka yi wa baftisma tun suna jarirai, yanzu sun yi hankali. Su ake shirya wa furta zunubi, Yukaris na farko da Ƙarfafawa.

Na uku: yaran da suka kai shekara 7 zuwa sama ba tare da baftisma ba. Bisa sashe na 852, ba a yi musu kamar jarirai. Su za su amsa da bakinsu, saboda haka sai sun bi matakan koyo, da izinin iyaye ko masu riƙonsu. Bisa ƙa'ida, wanda aka yi wa baftisma a wannan matsayi yana karɓar Ƙarfafawa da Yukaris a hidima ɗaya, sai in akwai babban dalili (sashe na 866). Wanda ya kai shekara 14 kuma, ana sanar da bishop batun baftismarsa (sashe na 863). Kada katekis ya shigar da ɗan wani a ɓoye ba da sanin iyayensa ba. Hakan ya saɓa wa tsarin Ikilisiya, kuma yana iya jawo fitina tsakanin maƙwabta.

Na huɗu: yaran da suka fito daga wata ɗarika. Ba a maimaita baftisma. In an yi ta da ruwa, da sunan Allah Uku Cikin Ɗaya, ta inganta (sashe na 869). Amma a yi tambaya da kyau. Anglikan suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptis kuwa miƙa jariri ga Allah suke yi, sai ya girma a yi masa baftisma. Idan uwa ta ce "an kai shi coci tun yana jariri", a tambaye ta: an zuba masa ruwa ne, ko addu'ar miƙawa aka yi? A nemi kati ko shaidu, sannan a kai wa Fada maganar.

Baftismar jarirai

Sashe na 867 ya ɗora wa iyaye su nemi baftisma cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma yana da kyau su sanar da Fada ko katekis tun ana da ciki. Sharuɗɗa biyu ne: yardar iyaye, ko aƙalla ɗaya daga cikinsu, da kyakkyawan zaton cewa za a rene shi cikin bangaskiyar Katolika (sashe na 868). In babu wannan zato sam, ana jinkirtawa ne, a kuma gaya wa iyaye dalili. Rashin ɗaurin aure a coci kaɗai ba ya hana yaro baftisma. Fafaroma Francis ya sha tsawata wa masu juya wa 'ya'yan matan da ba su da aure baya. Abin da ya dace shi ne a karɓi iyayen, a koya musu, a taimake su gyara aurensu in zai yiwu.

Uban baftisma ko uwar baftisma ba ado ba ne na ranar biki. Ana ɗaukar namiji ɗaya, ko mace ɗaya, ko namiji da mace. Bisa sashe na 874, ya kasance ya cika shekara 16, sai in bishop ya sa wata ƙa'ida ko Fada ya ga dalilin sassauci. Ɗan Katolika ne da ya karɓi Ƙarfafawa da Yukaris. Rayuwarsa ta dace da bangaskiya. Kuma ba mahaifi ko mahaifiyar yaron ba. Kirista daga wata ɗarika zai iya tsayawa a matsayin shaida, tare da ɗan Katolika. Shawara ga iyaye: ku zaɓi wanda yaron zai riƙa gani a ƙauye ko kusa. Mai kuɗin da ke zaune a Legas ba zai san ranar da yaron ya daina zuwa aji ba.

Batun suna, doka ta hana sunan da ya saɓa wa ruhin Kiristanci ne kawai (sashe na 855). Bitrus, Maryamu, Yohanna da Saratu sunaye ne masu kyau, haka ma Alheri, Godiya, Murna da Salama. Bikin suna na gida abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin baftisma.

Kowane babba, musamman ungozoma da 'yan Zumuntar Mata, ya san baftismar gaggawa. In jariri yana bakin mutuwa kuma babu Fada, kowa zai iya yi (sashe na 861): ya zuba ruwa na ainihi a kan jaririn sau uku, shi da kansa yana furta kalmomin baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi. Bayan haka a sanar da Fada domin a rubuta. In yaron ya rayu, ana cika sauran hidimar a majami'a ba tare da sake zuba ruwa ba.

Furta zunubi da Yukaris na farko

Sashe na 914 ya ce iyaye ne na farko da alhaki, sannan Fada, su tabbata yaron da ya yi hankali an shirya shi ya karɓi Yukaris ba tare da jan lokaci ba, bayan ya furta zunubansa. Katekisim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya maimaita wannan tsari a lamba ta 1457. Barin yaro ya kai shekara 14 ko 15 yana kallon na baya da shi suna karɓa kuskure ne da ya kamata farish ya gyara.

Abin da ake nema daga yaro (sashe na 913) shi ne ya fahimci asirin Kristi gwargwadon hankalinsa, ya kuma iya karɓa da bangaskiya da ladabi. Ba a neman ya zama malamin tauhidi. Abubuwan da ajin zai ƙunsa sun haɗa da:

1. Alamar gicciye, Addu'ar Ubangiji, gaisuwar Maryamu, shaidar bangaskiya ta manzanni da addu'ar tuba.
2. Labarin Yesu daga haihuwa zuwa tashinsa daga matattu, a ba da shi kamar yadda ake ba da labari a dandali.
3. Dokoki Goma da dokar ƙauna, da misalai daga rayuwar yaro: ƙarya, satar rake a gonar wani, zagin iyaye, barin dabbobi su yi ɓarna a ɓoye laifin.
4. Bambancin kuskure da zunubi. Yarinyar da tulu ya suɓuce mata ya fashe ba ta yi zunubi ba.
5. Sassan Mas, da bambancin gurasar yau da kullum da Jikin Kristi.
6. Azumin awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani (sashe na 919).

A koyar da furta zunubi ta labarin ɗan da ya ɓata da uban da ya tarye shi (Luka 15:11-32). Yaron da aka tsoratar da wuta da bulala zai zo sau ɗaya ya gudu. A gaya masa a fili cewa Fada ba zai taɓa faɗa wa kowa abin da ya ji ba, ko iyayensa, ko katekis, ko bishop (sashe na 983). A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan tabbaci ne ke buɗe bakin yaro.

Ƙarfafawa

Bishop ne mai ba da Ƙarfafawa bisa al'ada (sashe na 882), ta wurin ɗora hannu da shafa man Kirisma a goshi. Man nan bishop ne ke tsarkake shi a Mako Mai Tsarki, a rarraba wa farish-farish. Firist yakan ba da ita in bishop ya ba shi izini, ko ga wanda ya yi wa baftisma bayan ya wuce ƙuruciyar jarirai, ko ga wanda ke bakin mutuwa. Dokar gama-gari ta sa lokacinta wajen shekarun hankali, amma ta bar wa majalisar bishop-bishop damar sa wasu shekaru (sashe na 891), saboda haka a bi umarnin dayosis.

Mai karɓa ya kasance an koya masa, yana da niyya, kuma zai iya sabunta alkawuran baftismarsa (sashe na 889). A koya masa baye-bayen Ruhu bakwai da Ikilisiya ta ɗauko daga Ishaya 11:2-3: hikima, fahimta, shawara, ƙarfin zuciya, sani, ibada da tsoron Allah. Wannan aji ne wurin tattauna tambayoyin da matasa ke fuskanta a makaranta da kasuwa: yadda za su bayyana bangaskiyarsu da ladabi ba tare da zagin addinin kowa ba, batun tsafi da layu, shaye-shaye, tsarkin jiki, da zaɓen abokin aure. Ya fi kyau uban baftisma ko uwar baftisma su sake tsaya masa (sashe na 893).

Labarin Kizito yana da amfani a wannan aji. Shi ne ƙarami cikin shahidan Uganda, yaro ɗan wajen shekara 14. Charles Lwanga ne ya yi masa baftisma, aka ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886, kuma Fafaroma Paul na 6 ya sa su cikin tsarkaka a 1964. A Najeriya kuma akwai Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda iyayensa ba Kirista ba ne, aka yi masa baftisma a 1912 yana wajen shekara 9, daga baya ya zama firist.

Masu ɗauke da nauyin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye su ne malaman farko (Maimaitawar Shari'a 6:6-7). Bangaskiyar Timoti ta fara ne daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Uban da bai iya karatu ba zai iya tara iyalinsa addu'a bayan tuwon dare, ya tambayi yaro abin da aka koya yau. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron da bai taɓa ganin ubansa a majami'a ba, da wuya ya daɗe a cikinta.

Katekis shi ne ginshiƙin majami'ar ƙauye. A ranar 10 ga Mayu, 2021, Fafaroma Francis ya kafa aikin katekis a matsayin hidima tabbatacciya ta Ikilisiya. Jama'a su tallafa masa da hatsi, da taya shi noma, da kuɗin zuwa horo. Fada kuma ya riƙa shiga ajin da kansa duk lokacin da ya ziyarci reshe, domin shi ne zai yanke hukuncin wanda ya shirya.

Tsara lokaci da hanyar koyarwa

Dokar gama-gari ba ta ƙayyade yawan watanni ba. Dayosis da farish ne ke tsarawa. A yankin manoma, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki sunaye bayan kaka, a yi karatu mai ƙarfi cikin rani har zuwa Ista, sannan da damina a rage zuwa Lahadi bayan sujada. A yi ƙoƙarin kammala shirin samari kafin su tafi cin rani, da na yaran da za su tafi makarantar kwana. A kula da 'yan mata musamman, domin aikin gida da talla ne ke fara cinye lokacinsu, wasu kuma a aurar da su kafin su karɓi Ƙarfafawa.

A koyar da Hausa. Yaron da ya haddace amsa da Turanci bai san ma'anarta ba, aku ne kawai. Haddar tambaya da amsa tana da amfani, amma bayan kowace amsa a ce masa, "To, faɗa mini da bakinka." A raba ƙanana da manya, domin saurayi ɗan shekara 15 zai ji kunyar zama da 'yan shekara 7. A kai su cikin majami'a su ga bagade, ƙoƙo da wurin ajiye Yukaris, gama gani ya kori ji.

Abubuwan kiyayewa

Gwaji: a yi shi cikin hira da natsuwa. Yaro mai in'ina ko mai kunya zai iya sani ya kasa faɗa a gaban taro. Wanda bai shirya ba, a gaya wa iyayensa dalili da lokacin da za a sake duba shi.

Masu naƙasa: sashe na 777 ya ɗora wa Fada ya tabbata ana koya musu gwargwadon halinsu. Kurma, makaho ko mai raunin fahimta ba a barinsa a gida.

Kuɗi: sakramenti ba na sayarwa ba ne (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Sashe na 848 ya hana neman fiye da baikon da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, ya kuma hana a hana matalauci saboda talaucinsa. Kada farin kaya, takalmi ko shinkafar biki su sa uwa ta janye ɗanta. Zumuntar Mata za ta iya ajiye fararen kaya na aro.

Kariyar yara: a yi aji a fili da rana, kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki, a daina duka, kuma yaran da ke zuwa daga nesa su koma gida a rukuni kafin duhu. Duk ƙorafin cin zarafi a kai shi ga hukumar dayosis da hukumomin da doka ta tanada, kada a binne shi (Matiyu 18:6).

Rajista: Fada ya rubuta kowace baftisma da Ƙarfafawa ba da jinkiri ba (sashe na 877 da 895). Katekis ya tabbata an rubuta suna daidai, da ranar haihuwa da sunayen iyaye. Iyaye su adana katin a leda, nesa da gara da ɗigon ruwa, domin za a neme shi ranar aure ko shiga makarantar firistoci. In ya ɓata, a koma farish ɗin da aka yi baftismar.

Bayan ranar biki

Babban haɗari shi ne yaro ya ɗauki ranar Ƙarfafawa a matsayin ranar sallama daga coci. Tun kafin ranar, a sama wa kowane yaro wurin hidima: mawaƙa, masu hidimar bagade, masu karatu, ƙungiyar matasa, ko taya katekis koyar da ƙanana. A tuna musu da wajibin furta manyan zunubai da karɓar Yukaris aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman a lokacin Ista (sashe na 920 da 989), a kuma ƙarfafa su su yawaita. Wanda zai tafi Kano, Zariya ko Jos karatu ko neman kuɗi, a ba shi wasiƙa zuwa farish ɗin da zai sauka.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace majami'a ta zauna bayan kakar bana, ta bi gida-gida ta rubuta yaran da ba a yi wa baftisma ba, da waɗanda suka isa karɓar Yukaris, da matasan da suka wuce ba Ƙarfafawa, ta miƙa wa Fada sunayen. Ubangiji ya hana almajiransa korar yara daga wurinsa (Markus 10:13-16). Allah ya ba iyaye, katekis da firistocinmu alherin kawo su gare shi. Amin.